Aron Muryar Yusha'u

Idan ka baro Jibiya ka doshi boda, kafin ka kai shingen farko a Magama, za ka ga wata rumfar kwano a hannun hagu, an jera wayoyi a kan teburinta kamar masara a bakin gawayi. Shagon Mudassir ke nan. Caji yake yi, yana kuma tura wa mutane waƙa da fim a memori, irin sana'ar da duk inda ka waiga a bakin titin nan akwai mai yin ta. Abin da ya raba shi da sauran shi ne maƙogwaronsa. Direbobi suna kiran sa Baki Goma, kuma ko a hakan sun rage masa.

Da abinsa aka haife shi. Yana ɗan shekara takwas ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya irin ta ubansa, ya ce a miƙo tuwon baƙi. Mahaifiyarsa Hajo ta zubo har da man shanu, ya zauna ya cinye shi kaɗai. Ranar ya sha duka, amma Hajo tana dukan tana danne dariya, shi kuwa ya gani. Makaranta ba ta riƙe shi ba, aji uku na sakandare ya yi ya koma tasha. Shekara shida yana kwandasta a motar Jibiya zuwa Maraɗi, a nan ya kwashi muryoyi ya cika cikinsa: ta ɗan duwan, wato kwastan na Nijar, mai tambayar takarda yana hamma, ta jandarma mai Hausar da Faransanci ya lanƙwasa, ta hajiya 'yar kasuwa mai rantsuwa cewa buhu goma sha biyun nan duk na amfanin gida ne. Da ya gaji da rataya a ƙofar mota sai ya yi aure, ya sayi farantin sola da tsohuwar kwamfuta, ya kafa rumfa.

Fassarar fim ta zo masa ne lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi layi har ido ya gaza. Direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, ba gaba ba baya, ba abin yi sai kallon waya. Finafinan soyayya da na faɗa duk sun haddace su. Mudassir ya tono wasu da ba wanda ya kula da su, na birane masu gilashi inda na'ura ke mulki, ya ce zai fassara. Kada kalmar ta ruɗe ka. Turancin Mudassir na bakin shinge ne, bai wuce na gaisuwa da roƙo ba, balle yarukan da ba a ma san ƙasarsu ba. Kashe sautin fim yake yi, ya kalle shi sau uku, ya ƙera labarinsa daga abin da ido ya nuna masa. Sannan da tsakar rana ya shiga kan wata matacciyar kamiyo, babbar motar kaya, da ke bayan rumfa, ya ɗaga gilasai, ya ɗauki muryar kowane ɗan wasa daban a waya, guntu-guntu, ya dawo ya ɗora su a kan hoto.

Abin ya karɓu fiye da yadda ya zata. Mutumin da ya yi wata uku yana kwana a ƙarƙashin mota, albasarsa tana ruɓewa a sama, in ya ga birnin da wuta ba ta ɗaukewa, ruwa na zuba da kansa, ƙofa na buɗewa ba mai tambayar takarda, sai ya yi ajiyar zuciya har na kusa ya ji. In aka kai tsakiyar fim, na'urar da ke ciyar da mutanen birnin ta fara kwashe su ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji an ce, “Kai, gara namu wahalar.” Tsoron yana yi musu daɗi, don ya fi wanda ke jiran su a hanyar gida sauƙi.

Amma ainihin gishirin fassarar Mudassir sunaye ne. Ba ya barin ɗan wasa da sunan da ba a iya faɗa. Jarumi zai zama wani direban da aka sani, likitar birni ta zama mai kokon bakin tasha, kuma in bakin ɗan wasa ya daɗe yana motsi sai ya cike gurbin da labarin gari, wa ya yi sabon mashin, wa matarsa ta haihu. Mutane har roƙo suke a saka su. Matsala ɗaya ce: kowa yana son jarumi, ba mai son mugu. Shi ya sa mugun kowane fim sunansa Yusha'u.

Yusha'u ɗan kawunsa ne, ɗan ƙanen Hajo, wato taubashinsa, kuma tsakanin taubasai ba a fushi, duk abin da aka yi maka sai dai ka rama. Kabu-kabu yake yi da mashin tsakanin Magama da ƙauyensu, Tungar Aduwa, can ta wajen Riko. Jaki ya taɓa harbin sa a hanci yana yaro, muryarsa ta koma fita ta nan, kuma kafin kowace magana sai ya ɗan ja hancin. Muryar da Mudassir ya fara koya ke nan a duniya, ita ce kuma ya fi iyawa. A finafinansa Yusha'u ya yi mutum-mutumi mai ido ɗaya, ya yi likita mai cire ƙwaƙwalwar mutane. Shi ko kallon finafinan ba ya yi, ya ce ba ya da lokacin aljanun Turawa. Sai dai ya tsaya da mashin a bakin rumfa ya ce, “Bawana, wanga karon mi ka maishe ni?” sannan ya juya ya shaida wa duk wanda ke wurin cewa a kasuwar Jibiya ya sayi Mudassir, gyara aka ba shi a kan akuya.

An buɗe boda, layi ya watse, amma sunan Baki Goma ya riga ya tafi. Sai ga wani fim da ya fi duk na baya. Birni ne fari fat, ba yunwa, ba ciwo, ba ɓarawo, ƙofofi ko makulli ba su da shi. Na'ura ce ke riƙe da shi, tana magana daga cikin bango, Mudassir ya sa mata suna Maigida. Duk wanda ya ɓata rai ko ya yi ƙorafi, sai a gayyace shi wani ɗaki ya huta, ya fito yana murmushi bai san sunan 'ya'yansa ba. Na'urar tana ganin komai amma ba ta ganin zuci, don haka ta ajiye wani mutum da ke shiga cikin jama'a yana ji, kullum ya je ya durƙusa gaban bango ya zayyana. Ba sai an faɗi sunan da Mudassir ya ba wannan mutumin ba. Wurin rahoton ya yi tsawo, bakin ɗan wasa na ta motsi, sai ya cike shi yadda ya saba, yana yi yana dariya shi kaɗai a cikin kamiyo.

Kuskurensa ƙarami ne, irin na mai sauri. Wata ranar kasuwa, mutane sun cika rumfa, ya jawo wa wani waƙoƙi zuwa memori, ya haɗa da jakar cikin kwamfuta da yake tara guntayen muryoyin, waɗanda ba hoto ba kiɗa, murya ce tsirara. Bai sani ba, bai kuma taɓa sanin wanda ya tafi da ita ba.

Bayan kamar wata guda, ranar wata Juma'a, mutanen daji suka shiga Tungar Aduwa ta gabas suka tafi da wani magidanci, Ummaru. Labari irin wannan ya daina girgiza kowa a ƙasar Jibiya, a yi addu'a a ci gaba da harka. Mudassir ma haka ya yi.

Ranar Talata da hantsi wani direba ya miƙo masa waya caji, ya rage murya ya ce, “Baki Goma, ka jiya abin da ɗan kawunka ya aikata? Tun asuba 'yan sa-kai sunka kama shi. Saurara.” Ya danna. Aka ja hanci, sannan murya ta fito.

“Maigida, ni ne, Yusha'un Tunga. Na kawo rahoton yau. Ummaru ya saida bajimai biyu ran Lahadi, abin na nan cikin ɗaka. Gidan Imrana ba namiji, ya tahi Maraɗi. Masu gadin ƙohwar gabas kuwa barci suke sha.”

Mudassir ya gane muryar nan take. Ya san inda ya zauna da ya faɗi wannan, ya tuna har zufar da ke bin bayansa a lokacin. A ƙasar nan kuwa ba sunan da ya kai infoma muni. Ɓarawon daji ana iya sulhu da shi, amma wanda ke cin tuwo da kai yana kai labarinka, shi ba a kai shi gaban alƙali.

“Allah shi kyauta,” in ji Mudassir. Abin da ya fito daga bakinsa ke nan, ya karɓi wayar ya jona ta a caji.

Direban ya tafi. Mudassir ya buɗe kwamfuta, ga jakar nan, ga guntun. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, ba kunya a ciki. In ya je ya ce shi ne, to shi ya ambaci bajiman Ummaru, shi ya ce masu gadi na barci, igiyar da ke hannun Yusha'u hannunsa za ta dawo. In ya yi shiru, ba mahalukin da zai gane, don aikin ya yi kyau. Karon farko ke nan da ya tsani iyawarsa. Ya kusa awa guda a haka, yana karɓar wayoyi yana ba da lambar da ba ita ba.

Sai inuwa ta rufe teburin. Hajo ce, da mayafinta a karkace da takalmi wari-wari. Tun da ya kafa rumfar ba ta taɓa tako ta ba.

“Inna, lahiya?”

“Luba ta kira ni tana kuka,” in ji ta. Luba matar Yusha'u ce. “Ta turo mani abin, sau guda na saurara. Mutanen Tunga ba su san ka ba, ni na san ka. Yusha'u ba shi jan magana haka. Kai ka ke jan ta, tun kana yaro, in kana jin daɗin ƙaryarka.”

Ya sunkuyar da kai.

“Sun ce in anka yi la'asar za su hita da shi bayan gari. Tashi.”

“Inna, in na tahi, ni za su riƙe.”

“Na sani,” in ji Hajo. Idonta bai kauce ba. “Ni na haihe ka, kana zaton ban sani ba? In ka zauna, ni zan hau mashin in je in hwaɗa masu, in dawo in ga da wane baki za ka gaishe ni.”

'Yan kabu-kabu uku ya tsayar, duk wanda ya ji Tungar Aduwa sai ya girgiza kai ya ja mashin. A ƙarshe mai shayin kusa da shi ya ara masa nasa. Ya goya kwamfuta a baya da zanen matarsa, ya kama hanya rana na tsaka. Hanyar yashi ce, tsakanin gonakin da rabinsu ba a noma ba shekara uku. Sau biyu mashin ya kafe ya sauka ya tura. Ya wuce masallacin wani ƙauye ana sallame azahar, bai tsaya ba, yana ta duban inuwarsa a ƙasa yana ganin tana ƙara tsawo.

A gindin wata babbar aduwa ya same su, ƙofar gidan mai unguwa. Maza kamar talatin, wasu da bindigar toka, wasu da gora. Ba miyagu ba ne, manoma ne da suka gaji da haƙa kabari. A tsakiya Yusha'u ne zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanu, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓensa ya fashe. Mashin ɗinsa na kwance a gefe, mai na ɗiga. Yusha'u ya ɗago ya ga Mudassir.

Shugaban 'yan sa-kan sunansa Zunnuraini, wan Ummaru ne uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ban tsoro a tare da shi ke nan. Ya amsa sallama ya ce, “Kai ne wa?”

“Mudassir, daga Magama. Ɗan goggonshi ne ni. Ranka shi daɗe, muryar da kunka ji ba tashi ba ce. Tawa ce.”

Wani ya yi tsaki, wani ya ce ga abokin aikin nasa ya kawo kansa. Mudassir ya ji an matso ta bayansa, hanyar mashin ta toshe. Ya kwance zane, ya ɗora kwamfuta a kan wani turmi da aka kife. Cajinta saura kaɗan. Yana ta bayani, fim ne, fassara ce, wasan taubasai ne, kalmomin na fita ba tsari, shi da bakinsa bai taɓa rasa hanya ba.

Hoto ya fito. Farin birni, jiragen da ke shawagi tsakanin benaye, mutane cikin fararen kaya suna tafe ba mai waige. Mazan suka matso ba da son ransu ba. Wani tsoho ya ce a hankali, “Wanga wane gari ne, ba su da katanga?” Sai wani siririn Bature ya shiga wani ɗaki, ya durƙusa gaban bango mai haske, ya ja hanci, ya ce shi ne Yusha'un Tunga. Gunaguni ya tashi.

Zunnuraini ya sa yatsa ɗaya ya rufe kwamfutar.

“Yaushe ka haɗa wannan? Yau da sahe?”

“Wallahi ya kai wata guda. Direbobi duk sun gani.”

“Direbobi ba su nan. Ɗana na Katsina ya taɓa nuna mani a waya, an sa hoton mutum shina magana da muryar da ba tashi ba. An ce yanzu na'ura na ɗaukar muryar wani ta liƙa ma wani. Ka ɗauki ta ɗan'uwanka ka liƙa ma Bature don ka hisshe shi, mi zai hana? Abin da ya hito cikin akwati ban yarda da shi ba.” Ya gyara tsayuwa. “Ka ce bakinka ne. To ga mu, ga bakinka.”

Mudassir ya ja hanci, ya buɗe baki.

“Maigida, ni ne…”

Muryarsa ce ta fito, tasa ta kansa, siririya, tana karkarwa. Ya sake. Ta fito kamar ta mai mura. Wani saurayi ya yi dariyar da ba daɗi a cikinta. Ya rufe ido ya sake na uku, abin ya ƙara lalacewa. Bai taɓa lura ba sai ranar: duk sa'ad da ya yi muryar nan, fuskar Yusha'u yake gani tana dariya, daga nan take zuwa. Yanzu in ya rufe ido kumburarren idon yake gani. Ya duba gefe, ya hangi ladan ya ɗauki buta ya nufi bayan masallaci.

“Ya isa,” in ji Zunnuraini. “Ku kawo wata igiyar.”

Sai aka ja hanci daga ƙasa.

“Kai, bawan banza.” Yusha'u ne, maganar na fita da ƙyar ta fasasshen leɓe. “Shekara talatin kana cin abinci da hancina, yau da ni ke so ka yi, ka kasa? Asarar akuya na yi.”

Mudassir bai yi tunani ba. Bakinsa ne ya rama, yadda ya saba ramawa tun suna tsallen rafi. Ya ja hanci ya ce, “Kai, bawan banza. Shekara talatin kana cin abinci da hancina,” har da ƙyar ɗin, har da inda leɓen ya hana harafi fita.

Wanda ya ɗauko igiya ya tsaya cak. Tsohon nan ya ce a'uzubillahi, ya ja da baya. Mutane suka riƙa duban bakin Yusha'u, wanda ke rufe, suna duban na Mudassir. Tun da yake kwaikwayon mutane, ranar ce ta farko da ya yi ba wanda ya yi dariya.

“Hwaɗi na cikin wayar,” in ji Zunnuraini. “Duka.”

Ya faɗa. Yana cikin faɗin ya hango wata mata a bakin zana da goyo, ta toshe baki da gefen mayafi, bai buƙaci a ce masa matar Ummaru ce ba. A gabanta ya ce Ummaru ya sayar da bajimai biyu, abin na cikin ɗaka. A gaban masu gadin ya ce barci suke sha. Hawaye na zuba a fuskarsa, muryar kuwa ba ta goce ko kaɗan ba, ta Yusha'u ce sak har ƙarshe.

Zunnuraini ya matso kusa da shi. “Wa ya hwaɗa maka ƙanena ya saida bajimai?”

“Shi da bakinshi, a rumhwata. Shi ya ce in sa shi cikin fim, in ce ya yi arziki.”

“Halinshi ne,” in ji Zunnuraini, kamar da kansa yake. Sannan ya ce, “Mutum nawa ka tura ma fim ɗin ga?”

“Ban ƙirga ba.”

“Duk ka san su?”

Mudassir ya girgiza kai.

“Su ma na daji suna da waya. Suna aiko da memori cikin gari a cika masu da kallo. Ba ka sani ba?”

Ya sani. Kowa a bakin boda ya sani, ba a dai tambayar mai memori inda zai kai ta. Ya durƙusa kusa da turmin. Ya zo ne ya nuna cewa ba wanda ya kai rahoto, wasa ne kawai, sai ga shi mai yiwuwa an kai, kuma shi ya kai, yana dariya a cikin kamiyo. Mai yiwuwa kuma ba haka ba ne, don rabin kasuwa ta ga Ummaru da bajimansa. Ba wanda zai taɓa iya gaya masa wanne ne.

Ladan ya ɗaga murya ya kira la'asar. Zunnuraini ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya zagaya bayan Yusha'u, ya yanke igiyar.

“Yusha'u, mun zalunce ka, ka yahe mamu in kana iyawa,” in ji shi. Ya juyo ga Mudassir. “Kai kuwa, ban san yadda ake ɗaure fim ba, da na ɗaure. Ɗauki akwatinka. Kar in sake ganin ka Tunga.”

An sako Ummaru bayan wata biyu, ya rame, ba ya son magana. Mudassir ya goge fim ɗin da duk guntayensa, ya kuma ɗauki sabon saƙo da bakinsa yana bayani, ya roƙi direbobi su yaɗa. Wasu sun yaɗa. Amma saƙon farko ya riga ya kai Katsina, ya kai Maraɗi, ya shiga wayoyin da ba su san akwai wani Baki Goma ba. Dubbai ne suka ji Yusha'un Tunga yana kai rahoto, mutum talatin ne suka ga bakinsa a rufe. Ko a cikin talatin ɗin akwai masu cewa ai dangi ne, sun san yadda suka shirya abinsu. Yusha'u zai tsaya da mashin a bakin kasuwa tun safe, fasinja ya doso shi, wani ya raɗa masa magana, ya canza hanya. In ya zauna a majalisa sai hira ta koma ta damina.

Wata Laraba da safe Mudassir na jera wayoyi ya ji mashin ya tsaya. Yusha'u ne, Luba a baya da jariri, an ɗaure katifa da tukwane a kan kariya. Za su Ɗan Issa, tsallaken boda, wurin dangin Luba. Idon ya warke, ya bar ɗan tabo. Luba ta kau da kai ta kalli titi.

Mudassir ya fito daga rumfa.

Yusha'u bai kashe mashin ba. Ya ja hanci. “Ni ko ban taɓa kallon abin ba. Shi wancan mai sunana, ya anka ƙare da shi a fim ɗin?”

Mudassir ya so ya yi ƙarya, ya ce ya tuba an yafe masa. Shi ya ƙera labarin, yana iya sake ƙera shi a nan tsaye. Amma hoton ba nasa ba ne, ya kuma kalle shi sau uku.

“Na'urar ta koyi muryarshi,” in ji shi. “Sai ta daina buƙatar shi. Anka kai shi ɗakin hutu, muryar ta ci gaba da yawo cikin gari ba shi.”

Yusha'u ya jinjina kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin da dama ya sani.

“To,” ya ce. “Ka gaida Goggo, Malam Mudassir.”

Ya sa giya. Mudassir ya tsaya a bakin titi yana jiran ya waiwayo ya jefo masa zagi ko guda ɗaya. Mashin ɗin ya rage gudu a shinge, aka ɗaga masa igiya, ya wuce.